Gardamar Daren Asabar a Gyumri

Kowace Asabar, in ƙanƙara ta toshe titunan Gyumri,
Hrachik da Gurgen sukan zauna a bayan shagona.
Ni ina gasa gurasa, su suna gasa juna.

Hrachik ya koyar da lissafi shekara talatin da huɗu.
Gurgen likitan dabbobi ne,
abin da hannunsa bai taɓa ba, bai san da zamansa ba.

A daren nan Hrachik ya nuna fitilar da ke reto bisa kanmu.
"Me ya riƙe ta?"
"Sarƙa."
"Me ya riƙe zoben ƙasa?"
"Na samansa. Kada ka mai da ni ɗan aji ɗaya."
"To, ƙara zobe dubu, ƙara dubu bisa dubu.
Kowanne aron ƙarfi yake yi wurin na sama.
In babu ƙusa a jikin rufi,
Gurgen, da a ƙasa za mu tsinci fitilar nan."

Gurgen ya kurɓi shayi.
"Na ba ka ƙusarka. Riƙe.
Amma ƙusa ba ta da suna,
ƙusa ba ta da uwa a Nazarat."

Sai Hrachik ya gyara tabarau:
"Da kai ne za ka ƙulla ƙarya a wancan zamani,
lokacin da maganar mace ba ta da nauyi gaban alƙali,
mata za ka sa su fara ganin kabari a buɗe?
Za ka rubuta cewa babbanku ya yi musu har sau uku
don tsoron wata baiwa a bakin wuta?
Maƙaryaci wanke kansa yake yi.
Waɗannan kuwa a rana suka shanya dattinsu.
Mutum kan mutu a kan ƙaryar da aka yi masa,
amma wa zai miƙa wuya
don wadda ya saƙa da hannunsa?"

Gurgen bai yi dariya ba.
Ya ajiye kofi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.
"Sha ɗaya da minti arba'in da ɗaya na safe.
Ƙasa ta girgiza.
Arpine tana aji uku, kusa da taga.
Kwana biyu ina tono da farce.
Malamin lissafi, lissafa mini wannan."

Na manta da gurasa a tanderu. Ta ƙone.
Babu wanda ya ce yana jin ƙauri.

Da Hrachik ya buɗe baki, muryarsa ta dushe.
"Ba ni da lissafinsa.
Amma fushin nan da ka goya shekara da shekaru,
da wa kake yinsa?
Ba a kai dutse ƙara.
In babu kowa, nauyi ne ya bi nauyi, shi ke nan.
Kai kuwa ka ce bai kamata ba, kuma gaskiyarka.
Ba a cewa mudu ya tauye
sai in akwai cikakken mudu a wani wuri.
Wanda nake faɗa maka bai aiko da bayani ba.
Zuwa ya yi.
Ƙusar da ka ce ba ta da suna,
a tafin hannunsa aka buga ta."

"Wayo ne," in ji Gurgen. "Wayon tsofaffi."
Ya tashi, ya naɗa mayafi a wuya,
ya sayi gurasa biyu kamar kullum,
shi da yake zaune shi kaɗai.

Ni ban yi karatu mai nisa ba.
Abin da na sani yisti ne:
ba ka ganinsa, sai dai ka ga ƙullu ya tashi.
Ban ce wannan hujja ce ba.

Da safe, a hanyata ta zuwa sujada,
na hango shi a tsallaken majami'a,
bai shiga ba, bai wuce ba,
hula a hannu, ƙanƙara na sauka a kan furfura.
Da ya gan ni sai ya ce takalminsa ne ya kwance.
Takalmin ba shi da igiya.